Yadda Muka Sare Sarauniyar Sikotilan a Argungu

Samarin da ke ɗaukar wasan barkwanci da waya sukan shigo shagona a Birnin Kebbi su ce, "Baba Ummaru, karaga muke so, ta sarki, gobe da safe." In na tambaye su daga ina mai kallo zai hange ta, wa zai zauna a kai, wa zai ɗauke ta in an gama, sai su kalli juna su yi dariya. A ganinsu aikin kafintan dandamali bai wuce a buga katako a shafa fenti ba. To, ku zauna ku ji. Na shiga wannan aiki tun gashina yana baƙi, kuma yawancin abin da na sani a cikinsa kuskure ne ya koya mini.

Aikin farko da aka ba ni na wasan kwaikwayo shi ma karaga ce. A lokacin ban daɗe da barin hannun maigidana ba, marigayi Baba Nomau, wanda ya koya mini sana'a a bakin kasuwa. Shi in ya yi ƙofa, so yake jikan mai gida ya gaje ta. Na yi shekaru ina jan zarto da wasa gizago kafin ya yarda in riƙe guduma a gaban mai aiki, kuma in ƙusa ta lanƙwashe a hannuna, sai na miƙe ta a kan dutse na sake bugawa. Da wannan tarbiyya na haɗu da Malam Sahabi, malamin sakandare mai ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ya ce karaga yake so. Na nemo maɗaci mai nauyi, na yi masa karagar da ko giwa ta zauna ba za ta motsa ba. Ranar wasa aka rasa yadda za a hau da ita dandamali, sai da aka kira 'yan dako daga tasha. Da aka zo sauya fage daga fada zuwa daji, karaga ta ƙi fita. Haka aka yi farauta, ga karagar sarki a tsakiyar kurmi.

Malam Sahabi bai yi faɗa ba. Ya dafa ta ya ce, "Ummaru, wagga ai ta gado ta. Mu abin da muka biɗa shi na mai nauyi ga ido, mai sauƙi ga hannu."

Daga ranar na fara kwance abin da Baba Nomau ya ɗaura mini. Bangon fada buhu ne da aka ɗame a jikin siraran katako, a shafe shi da farar ƙasa da jar ƙasa. Ƙarafan kurkuku sanduna ne da baƙin fenti. Kayan aikina suka koma ƙaramin zarto, guduma, ƙananan ƙusoshi, igiya da basilla. Da maigidana ya ga kafinta riƙe da basilla yana ɗinkin bango, da ya kore ni daga sana'ar. Amma kada ku ɗauka sauƙi ne. Bangon buhu iska yake jira. In ba ka danne ƙafafunsa da buhunan yashi ba, zai kwanta a kan sarki yana tsakiyar hukunci. Falankin da 'yan wasa ke takawa kuwa, shi kaɗai ne ba a yi masa ƙarya. Sai ka bi shi da tafin hannu kana laluben kan ƙusa, don macen da zanenta ya maƙale a gaban jama'a ba ta sake dawowa. Sai ka taka kowane falanki ka ji ko yana ƙara, don mai kukan yakan yi magana ne daidai lokacin da ake son shiru.

Masu kawo aiki iri-iri ne, makarantu in za a yaye ɗalibai, masu wasan faɗakarwa kan rigakafi ko tsaftar ruwa, da ƙungiyoyin unguwa. Halinsu ɗaya, sai an gama ɗinkin tufafi da sayen abin sha sannan a tuna da kafinta. Wata shugabar makaranta ta taɓa cewa in yi mata rijiya a kan dandamali wadda yarinya za ta faɗa ciki, kada ta ji ciwo, kada kuma in huda falankin makaranta. Na kewaye katifa da ɗan bangon buhu mai zanen tubali. Yarinya ta faɗa, ta ji laushi, barci ya ɗauke ta, aka tashi wasa ana nemanta.

Shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya cinye shinkafar fadama tun daga Augie, ita ce ta kusa raba ni da dandamali. Ruwa ya shiga zauren da nake ajiye kaya, bangayen buhu suka ruɓe, fenti ya tsiyaye, gara ta ƙarasa abin da ya rage. Ba mai zuciyar kallon wasa, makarantun ma cike suke da waɗanda ruwa ya kora daga gidajensu. 'Yan ƙungiyarmu suka watse, wasu suka koma kabu-kabu, wato haya da babur, wasu suka tafi neman shiga fim. Ni na koma gyaran ƙofofin da ruwa ya kumbura. Tsohuwar karagar maɗaci ce kaɗai ta tsira, wani mai ɗaukar hoto ya karɓe ta, har yau angwaye na zama a kai.

Bayan ruwa ya janye ne Malam Sahabi ya iso shagona a kan babur, fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya ce ya samo wasan da zai sake tara ƙungiya. Labari ne na tarihi da ya karanta, na wata sarauniya a ƙasar Sikotilan, can arewa da Ingila. Mutanenta suka tuɓe ta daga sarauta, ta gudu wurin 'yar'uwarta sarauniyar Ingila neman mafaka. Ita kuwa waccan ta kulle ta shekara da shekaru don tsoron kada ta ƙwace mata sarauta, daga ƙarshe ta sa aka sare mata kai. Malam ya zauna ya tsara labarin gaba ɗaya da waƙar Hausa. Ba mai buɗe baki a dandamali sai da baiti, ko mai gadin kurkuku da baiti yake cewa a kawo abinci.

Na ce, "Malam, wa za ya zauna shi ji matan Turawa na gardama da waƙa?"

Ya ce, "Aje gudumar ga ka saurara." Sai ya rera mini amshin sarauniyar, wanda take maimaitawa a ƙarshen kowane fage:

Na zo da ƙishi gidan 'yar'uwa,
Ta ba ni sarƙa, ta hana ni ruwa.

Bai kai bakin titi ba na ji ina jan zarto da wannan amshi. Sai na san Malam ya kamo wani abu.

Sarauniyar Sikotilan Malama Kulu aka ba, malamar firamare a unguwar Badariya, 'yar Argungu, matar aure mai 'ya'ya. In ta ɗaga murya ba ta bukatar lasifika. Ta Ingila kuwa Asabe ce mai shagon ɗinki, mace mai fara'a, amma in ta ɗaure fuska kai ma sai ka gyara tsayuwa. Hauni, wato mai saran kai, aka ba Ɗanjimma ɗan kabu-kabu saboda faɗin ƙirjinsa. Na yi kurkuku, na yi karagu biyu marasa nauyi, na sassaƙa wa Ɗanjimma gatarin katako na shafe bakinsa da fenti mai ƙyalli. Kullum bayan la'asar muna gwaji, kowa yana ɗoki, har masu shagunan kusa suka haddace baitoci.

Aikin da ya hana ni sukuni shi ne kan. Ni na nace sai mutane sun ga kai ya faɗi. Malam ya ce a ja labule kawai, na ce in labule ne zai yi aikin, mene ne amfanin kafinta? Na ƙera kututturen sara mai rami a ciki, buɗe ta baya, yadda in Kulu ta durƙusa za ta cusa kanta a ɓoye. Na samo duma da ba a fafe ba, daidai girman kan mutum, na naɗe shi da ɗankwali irin nata, na ɗora shi a wani gurbi da igiya ke riƙewa. In gatari ya sauka, in ja igiya daga ƙarƙashin dandamali, kai ya gangaro. A kan tabarma muke gwaji, duma ya faɗo shiru, kowa ya yi ta tafi yana kirana gwani. Kulu ce kaɗai ta ce, "Baba Ummaru, abin ga bai kwanta min ba. Duma duma na, kowa ya san shi."

Na ce mata, "Malama, ki riƙe waƙarki, ki bar min katakona."

Ranar wasan farko a Birnin Kebbi ɗakin taro ya cika har taga. Ban taɓa ganin 'yan kallo sun nutsu haka ba. A fagen da sarauniyoyin biyu suka haɗu suna jifan juna da baiti, wani dattijo ya miƙe tsaye ya ce a ji tsoron Allah a saki baiwar Allah. Aka zo ƙarshe, Kulu ta durƙusa, mata na share hawaye, Ɗanjimma ya sauke gatari, na ja igiya. Amma yau ba tabarma, falanki ne tsirara, ga kuma matakala. Ɗankwali ya warware, duma ya fito fili, ya bi matakala yana ƙwal, ƙwal, ƙwal, har gaban wata tsohuwa a layin farko. Ta ɗauka, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ce da ƙarfi, "Wanga in anka raba shi biyu ya yi ƙwaryar hura!" Ɗakin ya kece da dariya, wasu har da kwanciya a benci. Kulu tana durƙushe da kanta a ramin da na yi mata, tana jin komai, ba halin tashi, don ta riga ta mutu.

Wani ya ɗauka da waya, abin ya riga mu isa Argungu, yara suka fara kiran Kulu mai kan duma. An gaya mini na ƙi ji, ga shi kuma ba sunana ake kira a titi ba. Mahaifinta Alhaji Dikko, manomin shinkafa da ba ya wasa da mutuncin gidansa, ya aiko ta zo. Da ta dawo ta tara mu a shagona ta faɗa mana yadda suka yi. Ya ce ta bar wasan. Ta roƙe shi ya gani da idonsa, tunda an riga an shirya kai wasan Argungu. Ya yarda da sharaɗi. Zai zauna a gaba, in ya ji an yi mata dariya, ko ta mutum ɗaya ce, ta sauka daga dandamali ke nan har abada. Mijinta ya ce shi ba ya tsallake maganar surukinsa.

Ni da taurin kai sai na ce zan cika duman da laka, in ɗinke ɗankwalin a jikinsa, ba zai ƙara yin ƙara ba.

"Baba Ummaru, Argungu za mu hwa," in ji Kulu. "Mutanen da ka hawan gora su shiga gulbi kamun kihi, su za ka ɓoye ma duma? Ko rawani ka naɗa mishi sun gane shi."

"To mi kika so, Malama?"

"Ban son kai. Ƙara nika so. Sara guda mai nauyi, wanda in mutum ya ji shi za ya shafa wuyanai."

Ta tsara mana yadda za a yi. Za ta durƙusa a gaban jama'a, Ɗanjimma ya ɗaga gatarinsa na katako ya tsaya, Malam ya riƙa jan labule a hankali tana rera amshi na ƙarshe. Ni kuma ina ɓoye da gatarin gaske. "Ka bari in ce 'ta hana ni', sai ka sara. Kar ka bari in kai ga 'ruwa'."

Malam Sahabi ya zabura daga kan benci. "Ƙafiyata za ku sare? Kun san wahalar da nis sha kahin in same ta?"

"Malam, wadda za a kashe, wa za ya jira ta cika baiti?"

Malam ya koma ya zauna. Ya rera amshin a ƙasa-ƙasa, ya tsaya inda ta ce, ya bar bakinsa a buɗe. Can ya dube ni ya ce, "Ummaru, yi abin da tac ce."

Neman wannan ƙara ya fi ƙera karaga wuya, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Na je mahauta na tsaya ina sauraren yadda sara ke sauka a kan nama da ƙashi, har mahautan suka fara tambayar ko lafiya. Na dawo na gwada maɗaci, ya yi ƙwas, kowa ya ji kafinta ne a wurin aiki. Giginya ta tsage da ƙara mai tsawo. Buhun yashi ya haɗiye saran gaba ɗaya. Ɗanjimma ya kawo kankana, na sara ta fantsama, shi da kansa ya fara faɗuwa don dariya, na ce ya kwashe abarsa. Ina dawowa daga fadama wata safiya na ga wani mai lambu yana sare itacen ayaba da ya gama haihuwa. Na tsayar da keke. Sara ɗaya na ji na ce ya ƙara. Na ɗauko gunduwa, na kifa turmi, na ɗora ta a kai, na sauke gatari. Tim! Ƙara gajere, mai nauyi, mai danshi, turmin ya riƙe shi ya jefa shi cikin ƙirji. Asabe tana ɗinkin labule a gefe, allura ta faɗi daga hannunta. Abu ɗaya ne da ayaba, sai ɗanya ta ranar. In ta kwana ruwanta ya tsane, ƙaran ya zama na katako.

Saura daidaita lokacin sara. Tunda ƙarfen gaske ba zai kusanci Kulu ba, wurina a bayan bangon buhu ne, a ƙasa, da makirfo kusa da turmi. Ba na ganinta, kunne ne idona. Ni da ban yi zurfi a boko ba, sai ga ni ina koyon baiti kamar ɗan makaranta. In na yi gaggawa na sare ta tun tana "sarƙa". In na yi jinkiri "ruwa" ta fita, sai Ɗanjimma ya leƙo ya ce, "Baba, ai ta sha ruwan kahin ka iso." Daga baya jikina ya kama. In ɗaga gatari a "ta ba ni sarƙa", in sake shi a "hana", ya isa ayaba daidai inda numfashinta zai ɗauko kalmar ƙarshe.

Muka loda kaya a akori-kura da sassafe muka nufi Argungu, na saro ayabata a wani lambu a hanya, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. A filin wata makaranta za a yi. Na kafa dandamali baya ga iska, na danne kowane bango, na bi falanki da tafin hannu har sau ba adadi. Ana idar da la'asar fili ya cika, masunta, manoma, mata a gefe guda da goyo, wasu a kan katanga. Alhaji Dikko ya zo ya zauna a gaba a kan kujerar roba, ya gitta sandarsa a kan gwiwa, fuska kamar ƙofar da aka kulle. Daga baya na ji wani yaro ya ce, "Ina duman?" Wani babba ya kwaɗe shi.

Aka fara. Kulu ta fito da baƙin mayafi, ta buɗe baki, fili ya yi tsit. Abin da ba mu yi lissafinsa ba shi ne halin mutanen wurin da waƙa. A Birnin Kebbi saurare aka yi. Mutanen Argungu kuwa in suka ji amshi mai daɗi ba sa barin mai shi da shi. A fage na biyu mata suka fara karɓa. A na uku fili gaba ɗaya ya ɗauka, har da tafi. Malam Sahabi ya zagayo bayan bango yana tsalle kamar yaro. "Ummaru, ka ji? Ka ji? Waƙata ta bakin duniya!"

Na ce, "Na ji, Malam. Kulu ta ban ji ba."

Ya tsaya cak. Muryar Kulu duk ƙarfinta ta nutse a cikin tasu. Kuma ba da saurinta suke rerawa ba, ja suke yi a hankali kamar masu tuƙin kwalekwale. In na sara yadda jikina ya saba, zan riga su, saran ya ɓace cikin tafi. In na tsaya laluben muryarta har suka kai "ruwa" suka yi shiru, sannan aka ji tim, zai zama kamar wani ya yar da buhu a bayan fage, kuma dariya ɗaya ta isa. Ba halin aika wa Kulu saƙo, tana kan dandamali. Malam ya ce, "Mi za mu yi?" Na ce ya koma wurin labulensa.

Rana ta yi ja, fage na ƙarshe ya zo. Na yaye buhu daga kan ayaba, na goge tafin hannuna da ƙasa, na riƙe ƙota. Baitocin bankwana na ji su sarai, don a nan ba mai karɓa mata:

Ku gai da tsaunukan ƙasarmu mai sanyi,
Ku ce musu ba ni dawowa.
Hauni, ka bar karkarwar hannu,
Wuyan sarauniya ba ya karkarwa.

Na ji falanki ya karɓi gwiwoyinta. Na ji zoben labule sun fara tafiya a kan waya. Sai fili ya ɗauki amshi, wannan karon ba tafi, murya ce kawai, maza da mata, kamar gulbi ya cika. Na daina neman Kulu. Na buɗe bakina na shiga cikinsu, ina ja yadda suke ja. Na zo da ƙishi gidan 'yar'uwa. Na ɗaga gatari tare da su. Ta ba ni sarƙa. Na riƙe shi a sama har kafaɗata ta fara zafi, don sun ƙi sauri. Ta hana ni. Na ji dukkansu sun ja numfashi, sai na sake.

Tim!

Ba Kulu kaɗai na sare ba, fili gaba ɗaya na sare. Kalmar ta maƙale a wuyan kowa. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba, har ina jin ruwan ayaba yana ɗiga a jikin turmi, ina jin tsuntsaye daga wajen gulbi. Na tsaya a sunkuye, hannuna a kan ƙota, ina jiran dariyar mutum ɗaya. Can wata mata ta ce, "Inna lillahi." Wata ta fashe da kuka. Sannan tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano, mutane suka miƙe suna kiran a buɗe labule su ga tana da rai.

Ɗanjimma ya diro bayan fage ya ɗaga ni sama da gatarin da komai. Malam yana ta rungumar bangon buhu. Asabe kuwa sai ta bayan makaranta aka fitar da ita da mayafin aro, don mata sun taru a bakin ƙofa suna jiran ta Ingila su ji dalilin da ya sa ta hana 'yar'uwarta ruwa.

Muna cikin haka sai ga Alhaji Dikko ya zagayo yana dogara sanda. Kowa ya nutsu. Kulu ta sauko ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da zama." Ya sa hannu ya ɗaga haɓarta, ya duba wuyanta dama da hagu. Sannan ya juyo.

"Wa yas sari abin ga?"

"Ni na, Alhaji."

"Kai na mai duman?"

"Ni na, Alhaji."

"Yau kuma da mi?"

Na matsa gefe na nuna masa. Ya sunkuya ya taɓa gunduwar da ta rabu biyu, ya murza ruwanta a yatsa, ya shinshina.

"Ayaba," ya ce.

"Ayaba ta, Alhaji."

"Ayaba tas sa ni salati gaban mutane." Ya girgiza kai, ya dubi 'yarsa. "Kulu, tashi. Innarki ta ƙi zowa, ta ce ba ta iya zama a yi miki dariya. Gobe ku sake, in kawo ta da hannuna."

Malam Sahabi ya fara cewa an shirya kwance dandamali yau, motar ma tana jira. Ni kuma na ce ko an kwana, ba ni da sauran ayaba, kuma ta jiya ba ta yi.

"Ku sallami mai mota," in ji Alhaji. "Ayaba na nan cike ga lambuna. Kai, kafinta, ka zo da gatarinka da sahe."

Da gari ya waye na bi shi lambu a bakin gulbi. Ya yi ta zagayawa yana bubbuga itatuwan da sandarsa yana kasa kunne, ya wuce wannan, ya wuce wancan, har ya tsaya a gaban wata mai kauri, ya ce wannan ce za ta dace da wuyan 'yarsa.